Tifar 'yan rami: yadda nisan hanya ya cinye jarin mutum 9 a Agege

Legas gari ne da ke zaune a kan yashi da fadama. Duk inda ka kafa diga, a Apapa ne ko Ajegunle ko Leki, yashi za ka tarar da laka, kafin ka yi nisa ruwa ya tare ka. Dutse na gaske sai an nausa arewa an doshi Abeokuta, tafiyar fiye da kilomita 70, ko kuma Badun da ta fi nan nisa. Saboda haka kusan duk kankaren da ke jikin gada ko bene a garin nan, tsakuwarsa a bayan mota ta shigo. Wannan bayani a kan mota ɗaya ne cikin dubban motocin: wata tsohuwar tifa ƙirar Bedford da leburori 8 da direba guda suka haɗa kuɗi suka saya a 1982, ta ciyar da gidajensu shekaru, daga baya ta juyo tana cin abin da suka tara. Direban kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Ni ne yaron motarsa, kuma da yake na yi firamare a gida kafin a turo ni Ikko, littafin lissafi ma a hannuna yake. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu na nan, shi ya sa ba zan kama sunan kowa ba.

Ramin da mutanensa

A wancan lokacin ramin yana bayan Agege. In ka ɗauki hanyar Abeokuta ka wuce Abule Egba, wajen iyakar Legas da Ogun, sai ka saki kwalta ka bi wata hanyar burji cikin gonakin rogo da itatuwan goro. Ba dutse ake fasawa a can ba. Tsakuwa ce ta Allah, mulmulalliya, kwance a ƙarƙashin ƙasa gauraye da yashi da jar laka. Filin na wani dangin Yarabawa ne. Dattijonsu, wanda muke kira Baba mai ƙasa, shi ya ba da izinin haƙa, da baki kawai, a kan duk motar da ta fita a ba shi nasa. Yaronsa na zaune a rumfa bakin hanya yana jan layi a takarda.

Kafin a ga tsakuwa sai an kwashe ƙasar sama, wani wuri tsayin mutum, wani wuri ya fi haka, kuma wannan aikin babu mai biyan ka ko kwabo. Daga nan masu diga su shiga, masu kwanon sarki su kwaso zuwa wurin tankaɗe. Rariyar ragar waya ce da aka buga wa katako, a jingine ta da sanda a karkace, mutum ya ja baya taku biyu yana watsa shebur, yashi da ƙasa su zube ta baya, tsakuwa ta gangaro gabansa. Gwani a baje yake watsawa har saman ragar, kana jin ƙarar kamar da awo. Sabon shiga kuwa jibgawa yake yi wuri ɗaya, laka ta toshe ragar, ya ɓata hantsi guda yana kankarewa. In mai saye wankakkiya yake so, sai a kai ta gindin ramin inda ruwa ke taruwa, a wanke a rabin ganga mai huji-huji.

Kawu ba ya yarda a loda masa sai ya duba. Can cikin tsibin yake cusa hannu, don ya san ta sama kowa na iya gyara ta. Ya damƙo, ya yayyafa ruwa daga butarsa, ya murza a tafin hannu. In ya buɗe ya ga ja ya manne masa, sai ya ce, "Malam, a sake tankaɗewa. In aka zuba dekin da wannan, alhakin mutane na wuyanmu." Kuma gaskiyarsa ne, don laka in ta lulluɓe tsakuwa siminti ba ya kama ta. Awon magina na dekin shi ne kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, ke nan tsakuwa ta fi komai yawa a jikin kankare, in ta lalace babu abin da sauran za su gyara. Wannan tsantseni na Kawu ya sa birkiloli a Dopemu da Egbeda suke ce wa masu gida a jira motarsa ko da za a kwana biyu.

Mutanen ramin yawancinsu 'yan ci-rani ne daga ƙasar Sakkwato da Katsina da Daura, da kuma mutanen Nijar na Maraɗi da Tawa da Damagaram. Lokacin ya yi musu daidai: suna gama girbi a gida, ramin ya bushe a nan, kafin ruwan Yuni da Yuli ya cika shi kuwa sun koma gona. Akwai kuma 'yan zaune, waɗanda suka ajiye iyali a Agege, inda Hausawa suka daɗe da kafuwa albarkacin cinikin goro da jirgin ƙasa. Cikin 'yan zaunen nan ne aka sami mutum 8 ɗin.

Kasuwa kuwa ba a magana. Tun da kuɗin fetur ya shigo, Legas ba ta daina gini ba. A 1975 jiragen ruwa ɗaruruwa suka yi cirko-cirko a Apapa ɗauke da siminti suna jiran layi. Aka gina unguwar Festac, aka buɗe tashar jiragen ruwa ta Tin Can a 1977, babbar hanyar Badun a 1978, sabon filin jirgin sama na Ikeja a 1979. Waɗannan manyan ayyuka ba su san da ramin irin namu ba, don manyan kamfanoni da fasasshen dutse suke aiki. Namu rabon ya zo ne ta ƙananan magina. Da Lateef Jakande ya hau gwamna a 1979 ya shiga gina makarantu da gidaje masu sauƙin kuɗi, ciki har da rukunin Abesan da ke Ipaja, sai jama'a suka bi bayan gwamnati, kowa na sayen fuloti a Ipaja da Egbeda da Iju yana ɗora bulo. Duk waɗannan unguwanni a hancin raminmu suke.

Yadda aka sayi motar

Abin da ya daɗe yana ci wa leburorin rai shi ne rabon kuɗi. In mai gini ya biya kuɗin tifa guda, Baba mai ƙasa ya ɗauki nasa, ɗan kamasho ya ɗauki nasa, masu haƙa da tankaɗe da lodi su raba ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kaso mafi tsoka ya tafi ga mai mota. Shugaban ramin, wani Basakkwace mai ƙarancin magana, shi ya fara kawo shawara: tun da su ke haƙawa su ke lodawa, me zai hana motar ma ta zama tasu? Suka yi rani biyu suna zuba adashi ba wanda ya kwasa. Kawu, wanda a lokacin yake tuƙa wa wani mutum, ya kawo abin da ya tara, nasa ya fi na kowa. Cikon kuma wani Alhaji mai sayar da goro a Agege ya ranta, ba ruwa, a biya shi a hankali.

Sabuwar mota ba ta ma shigo cikin zance ba, duk da a lokacin ana harhaɗa manyan motoci a cikin ƙasa, Leyland a Badun, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Mercedes a Inugu. Abin da kuɗin ya kai shi ne tsohuwar Bedford mai ɗaukar wajen tan 5, da wani ɗan kwangila ya gama aiki da ita. An ƙulla magana bayan sallar isha'i a gaban limamin unguwa, aka shafa fatiha, ni kuma na rubuta sunan kowa da abin da ya zuba a littafin makaranta. Ƙa'idar ita ce: kuɗin da ya shigo a fara cire na mai, a cire ladan direba da yaron mota, a ware wani abu na gyara a ajiye wurin Alhaji, a rage bashi, abin da ya saura a raba ranar Juma'a gwargwadon jarin kowa.

Shekarun farko sun yi kyau ƙwarai, kuma a nan ya kamata a tsaya a ga dalili. Daga ramin zuwa wurin gini tafiyar minti kaɗan ce, ba cunkoso, don birni bai iso ba tukuna. Masu lodin su ne masu motar, saboda haka tana shigowa mutum 4 suke hawa kanta, biyu kowane gefe, kafin Kawu ya gama shan ruwa ta cika. Ba layi, ba jira. Motar wani in ta yi sawu kaɗan, tamu ta ninka. Man da take sha bai kai ya kawo ba. Wuri ɗaya ne mai wuya, hawan fita daga ramin: giya ta ɗaya, injin na kuka, ni ina biye da ƙafa riƙe da weji na tokare taya, ido a kan tayar baya. In ta tsaya sai na cusa shi kafin ta gangara, in kuwa an yi yayyafi sai an shimfiɗa ganyen kwakwa da ɓaraguzan bulo. Kowane ɗan ƙungiya ta hanya biyu yake samu, ladan sheburinsa na yau da kullum da rabon Juma'a. Kafin shekara biyu an sallami Alhaji.

Abubuwa biyu suka faru a wannan tsakani da za su dawo daga baya. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta ba da umarnin baƙin da ba su da takardu su bar ƙasar. Mutane sun fi tuna 'yan Gana, amma mutanen Nijar ma abin ya shafe su. Uku daga cikin masu jari suka tafi, biyu suka dawo da ƙura ta lafa, ɗaya mutumin wajen Maraɗi ba a ƙara ganinsa ba. Abu na biyu kuma, gaɓar rami ta rufta wa ɗaya daga cikin masu jarin. Da yake kwashe ƙasar sama aikin banza ne, masu diga kan ci gindin gaɓa su bar samanta a rataye, kowa ya san hatsarin, kowa kuma yana yi. An tono shi da rai, amma ƙugunsa bai ƙara ɗaukar shebur ba. Ƙungiya ta biya kuɗin ɗori da asibiti daga asusun gyara, aka ci gaba da kai masa rabonsa.

Rufe ramin

Matsi ya fara ne daga kayan gyara. A farkon shekarun 1980 naira ta fi dala daraja a farashin gwamnati. Da gwamnatin Babangida ta shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ta buɗe kasuwar canji a Satumbar 1986, dala ɗaya ta kai wajen naira 4. Taya, batir, famfon mai, farantin kuloci, duk daga waje suke zuwa. Abin da ake warewa na gyara, wanda da yake isa har ya yi saura, ya koma ba ya sayen taya biyu. Duk da haka motar na ciyar da kanta, don hanyarta gajeriya ce.

Sai gari ya iso. Tsakuwar da muke kaiwa ita ta gina gidajen da suka yi ta matsowa, har aka wayi gari ana jin kiran salla da ƙararrawar coci daga cikin ramin. Baba mai ƙasa ya rasu. 'Ya'yansa suka duba suka ga kuɗin fuloti ɗaya ya fi abin da ramin ke kawo musu a shekara, ga shi kowace tifa da ta fita rage musu filin sayarwa take yi. Ban ga laifinsu ba, ƙasarsu ce. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, ma'adinai kuma na gwamnatin tarayya ne, amma a aikace dangi ke yanka fuloti su sayar, kuma ko ta wace fuska aka duba, mu ba mu da ko guntun takarda. Wata safiya muka tarar da mai awon fili yana kafa turaku. Babban ɗan ya kira shugaban rami, cikin mutunci, ya ce an ba mu zuwa ƙarshen wata. Da aka kai wa liman labari ko zai sa baki, ya je ya dawo, ya ce, "Jama'a, sai haƙuri. Kayan aro ba ya rufe katara."

An yi zama a zauren Alhaji. Shugaban rami ya ce a sayar da motar yanzu tana da sauran daraja, kowa ya kama gabansa. Kawu ya ƙi. "Yaya," in ji shi, don haka yake kiransa, "mota lafiyarta lau, ga masu gini sun san mu. Rami ne ya ƙare, ba tsakuwa ba." Matasan cikinsu suka goyi bayan Kawu, masu rinjaye suka ce a ci gaba.

Aka fara gwada wani rami can wajen Ifo. Nan aka gane abin da ba a lissafa ba. Kowane rami da leburorinsa da motocinsa. Tamu baƙuwa ce, sai ta bi layi, kuma mutanen wurin ke lodi. Ke nan 'yan ƙungiya sun rasa ladan shebur, sun koma jiran Juma'a kawai, ga hanya ta ninka, ga cunkoson Sango Ota. Sawu ya ragu, mai ya ƙaru.

Sai aka koma fasasshen dutse, don kasuwa ma can ta karkata. Injiniyoyi sun fi yarda da shi, yana da kaifi, ba laka, girmansa ɗaya, rabin inci ko uku bisa huɗu, kuma duk mai ɗora bene shi ake ce masa ya saya. A kamfanin fasa dutse na wajen Abeokuta babu shebur babu ciniki: mota ta hau sikeli, katafila ta zuba, ta sake hawa sikeli, a biya da tan. Muna fita kafin asuba, mu bi ta Ifo da Papalanto da Ewekoro a bayan motocin siminti, in Allah Ya sa an dace mu sauke kaya da la'asar. Sawu ɗaya a yini. A nan ƙanƙantar motar ta fito fili. Yinin direba ɗaya ne, tikitin hanya da na masu tare hanya kusan ɗaya ne, ko tan 5 ka ɗauko ko tan 20. Mai babbar mota yana raba wannan kashewa a kan kaya ninki huɗu, ya sayar ƙasa da farashinmu kuma ya ci riba. Don a rage asara aka ƙara katako a gefen bodi ana lodin wuce kima, abin da duk ƙananan motoci ke yi. Sakamakon bai ɓoyu ba: sifirin na karyewa, taya na fashewa, birki na ɗaukar zafi a gangara. Abin da aka samu a kwana uku bakanike ya karɓe a na huɗu.

Yashin ruwa ne ya ɗan ja wa motar kwana. A bakin ruwan Bariga da Oworonshoki akwai masu nutso, yawanci 'yan ƙabilun Ilaje da Egun, da ke shiga ƙarƙashin ruwa da bokiti su cika kwalekwale da yashi su kawo gaɓa, aikin da ko mu 'yan rami muke jinjina wa. A 1990 aka kammala gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, a Yulin shekarar kuma aka rushe unguwar talakawa ta Maroko, ciko da gini suka koma ɓangaren Leki. Aiki akwai, sai dai a wancan ƙarshen gari yake, mu muna wannan ƙarshen. Sai an yi rajista da garejin tifa na wurin, a bi layinsu. Jiƙaƙƙen yashi ya fi tsakuwa danne mota, ruwan da ke tsiyaya daga cikinsa kuma mai gishiri-gishiri ne, ya cinye ƙasan bodin har muna toshe huji da buhun siminti. Kawu ya koma kwana a mota, sai Juma'a yake ganin iyalinsa. Rabon Juma'ar ma ya koma na wata-wata, daga baya sai dai a karanta lissafi a watse. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni a 1993 gari ya rikice, mutanenmu da yawa suka kwashe iyali suka yi Arewa, gini ya tsaya. Yajin aikin ma'aikatan mai na 1994 ya ƙarasa abin da ya saura. Motar ta yi watanni a kan duwatsu a bayan gidan Alhaji.

Abin da littafin ya nuna

Na sha buɗe littafin nan bayan komai ya wuce, kuma abin da na gani ke nan. 'Yan ƙungiya sun ga mai mota na kwashe kaso mafi girma, suka ɗauka motar ce ke kawo kuɗin. Ni a ganina kusancin ramin ne ke kawo shi. Tsakuwa kaya ce mai nauyi marar daraja, a bakin rami kusan kyauta ce, abin da mai gini ke biya yawancinsa kuɗin hanya ne. Wanda raminsa ke kusa da masu gini ya riga ya ci kasuwa ko da akwalar mota yake da ita. Wannan kusanci kuwa ba nasu ba ne, na dangin Baba mai ƙasa ne, kuma abu ne mai ƙarewa ta hanya biyu, ko tsakuwar ta ƙare ko gari ya cim mata. Sun mallaki abin da ke tsufa kullum, abin da ke ba shi amfani kuma yana hannun wasu. Shugaban rami ya hango haka a zaman zauren Alhaji, ko da bai faɗe shi da waɗannan kalmomi ba.

Sai dai ba na jin daɗin yadda wasu ke ba da labarin yanzu kamar Kawu taurin kai kawai ya yi. Shi tuƙi ne sana'arsa, in aka sayar da motar komawa zai yi yaron wani bayan ya ɗanɗani zama da kansa. Kuma hanyar da za ta fisshe su, wato sayen babbar mota, a rufe take. Asusun da suka ware na gyara ne, ba a taɓa ware na canjin mota ba, kuma ko an ware, faɗuwar naira ta riga ta cinye shi. Banki kuwa ba ya sauraron lebura marar takardar fili. Mutum ɗaya ne cikinsu ya bi wata hanya: tun ana samu yake tara rabonsa, ya sayi rabin fuloti a bayan Agege lokacin ana yi masa dariyar ya sayi daji. Iyalinsa na cikin gidan har yau. Sauran ma ba a ce sun tashi a tutar babu ba. Da kuɗin motar nan aka yi aure, aka sayi shanun huɗa, aka rufa ɗakuna da kwano a ƙauyuka, biyu suka sauke farali.

Wurin ramin yanzu unguwa ce cike da gidaje. Ɓangaren da ya fi zurfi an cike shi da shara da ɓaraguzai an yi gini a kai, kuma duk damina nan ruwa ke fara kwanciya. Sana'ar ta koma hannun masu manyan motoci, Mack da DAF da Howo masu tan 20 da 30, yashi kuma injin ke zuƙo shi daga ruwa. Amma ka je kowane garejin tifa da sassafe, za ka tarar da samarinmu zaune da shebur suna jiran a kira su sauke kaya ko juya kankare, kuma har gobe ina jin wasunsu na maganar haɗa kuɗi su sayi tsohuwar mota. Duk wanda ya tambaye ni, tambayar da nake fara yi masa ita ce daga ina zai ɗauko kaya, kilomita nawa ne zuwa wurin mai saye, kuma wa ke da ikon hana shi shiga gobe.

Rabon ƙarshe

A 1995 aka sayar da motar ga wani mai sayen tsofaffin motoci, wanda injin da akwatin giya kawai yake so. A lissafin lambobi kuɗin ya fi wanda aka saye ta, a lissafin abin da zai saya kuwa bai kai ko kusa ba. Aka sake zama gaban liman da Alhaji, magana uku ta taso.

Kawu ya ce yana bin ƙungiya ladan tuƙi na watannin da bai ɗauka ba don a sami na gyara. Wasu suka ce ai shi ya dage a ci gaba, asarar ta hau kansa. Liman ya ce shawara ta masu rinjaye ce, ba a ɗora wa mutum ɗaya, lada kuma haƙƙin gumi ne, a fara fitar da shi. Littafi ya nuna watannin, aka biya, Kawu da kansa ya yafe rabi.

Sai batun wanda gaɓa ta rufta wa. Ɗaya daga cikin matasan ya ce kuɗin jinyarsa daga asusun kowa aka cira, a zare daga kasonsa. Shugaban rami, wanda tun da aka fara zaman bai ce uffan ba, ya ɗago ya ce, "Tsakuwar da yake haƙa ranar, a motar wa aka loda ta?" Ba wanda ya amsa, aka ba shi kasonsa cif. Saurayin bai gamsu ba, kuma har ya bar Legas bai ƙara zama inuwa ɗaya da shugaban ba.

Na ƙarshe shi ne mutumin Maraɗi. Shekara 12 ba labarinsa, amma rabonsa na kowace Juma'a yana rubuce, Alhaji na ajiyewa, sai dai an taɓa shi sau biyu lokacin da injin ya buga. Wasu suka ce a raba, wasu suka ce a yi masa sadaka da shi. Alhaji ya ce amana ce a hannunsa, ba zai yi ko ɗaya ba sai an nema an rasa. Aka mayar da abin da aka ranta daga kuɗin motar kafin a raba saura. Ya ba wani abokin cinikinsa mai kai goro Nijar sunan mutumin da na ƙauyensu kamar yadda na rubuta a 1982. Bayan wata huɗu saƙo ya dawo cewa ya rasu tun shekarar yunwa ta 1984, ya bar mata da 'ya'ya 3. Aka canza kuɗin zuwa sefa, aka danƙa wa ƙanensa a gaban mai garinsu, shi kuma ya aiko da takarda da ajami ɗauke da adadin da ya karɓa da sunayen shaidu biyu.